Dubu 15 ta yi yawa a biya matar da ke rainon ɗanki?

Ranar Talatar da ta wuce na hau adaidaita daga Zoo Road zan je Kabuga, sai ga wata baiwar Allah a gefena da jariri a cinya da jakar kayansa, tana waya ranta a ɓace. Abin da na ji ta ce shi ne, "Wai Anti kin ji matar nan? Daga wata mai zuwa wai dubu 15 za ta dinga karɓa, daga dubu 10 fa! Ita da take zaune a gida, me take yi in ba zama ba? Wallahi mutane yanzu ba imani."

Ban tanka mata ba don ban san ta ba, amma har na sauka maganar tana cin raina. Matar da ake zagi ɗin nan ita ce za ta riƙe yaron tun bakwai da rabi na safe har la'asar, ita za ta wanke masa kashi, ta ba shi kunu cokali-cokali, ta goya shi in yana rigimar haƙori, ita ce kuma za ta fara gane jikinsa ya yi zafi kafin uwarsa ta sani. Wai ita ce "me take yi".

Bari in faɗi matsayina tun yanzu. Ga yaron da bai kai shekara 2 ba, a ganina mai raino ta gida wadda aka san ta aka san gidanta ta fi kiresh, wato wurin rainon yara na kuɗi mai ma'aikata irin na makaranta. Amma mu iyaye da kanmu muke lalata abin, saboda mun ƙi yarda cewa raino sana'a ce, muna kiransa "taimako" don kawai mu samu hanyar biyan abin da muka ga dama. Kuma wannan arahar da muke nema, a kan 'ya'yanmu take ƙarewa.

'Ya'yana uku, aikin ofis nake yi. Na fari kiresh na kai shi, ta biyu 'yar aiki ce ta raine ta, na ukun yana wurin wata dattijuwa a layinmu da yara suke ce wa Inna. Duk ukun na ɗanɗana, ba labari aka ba ni ba.

Mu ɗan yi lissafi

Ɗauki dubu 15 ɗin nan ki raba da kwana 22 na aiki a wata, abin da zai ba ki bai kai N700 a rana ba. Daga 7:30 zuwa 4:00 awa takwas da rabi ne, wato kusan N80 a kowace awa. Dubu 10 ɗin da ake biya da kuwa N50 da 'yan kai ne a awa. Don Allah wane aiki ne ake yi a N80 a awa a garin nan yanzu? Ɗan sahun da ya ɗauko mu daga Zoo Road, a cikin minti 20 ya karɓi abin da ya ninka haka a hannun kowaccenmu, kuma ba wadda ta ce masa ba shi da imani.

Mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya koma N70,000 tun watan Yulin 2024, Kano ma ta ɗan ɗora ta ce N71,000. In mai raino tana riƙe da yara uku a dubu 15-15, dubu 45 ke nan, ba ta ma kamo ƙafar mafi ƙarancin albashin ba. Kafin ta kai sai ta tara yara biyar. In kuwa dubu 10 ne sai bakwai.

To a nan ne ni kam abin yake ba ni tsoro. Duk lokacin da muka matse kuɗin raino, ba mu bar wa matar wata mafita ba sai ta ƙara yawan yara, don ita ma tana sayen gawayi da omo da shinkafa a kasuwar da muke saye, ita ma cire tallafin mai na 2023 ya daki gidanta. Mace ɗaya da jarirai bakwai, wannan yana kuka wancan ya yi kashi wancan ya rarrafa ya nufi murhu, hannu biyu gare ta fa. Sai ki zo da yamma ki tarar da famfas ɗin safe a jikinsa ki fara faɗa. Dubu 5 ɗin da kika ƙi ƙarawa ce ta kawo yara biyun da suka raba hankalinta.

"Ai a gidanta take, ba haya take biya ba"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa. E, kiresh suna biyan haya da wuta da rajista da albashi, shi ya sa kuɗinsu ya fi yawa, ban musa ba. Amma ɗakin Inna da yaranmu suke fitsare wa katifa, ruwan da take saye wurin mai garuwa don wanke musu jiki, tabarmar da take canzawa, kunun da take ɗiba daga na jikokinta ranar da uwa ta manta ba ta zubo isasshe ba, waɗannan fa wa yake biya?

Sannan akwai abin da ta rasa. Matar da take raino ba ta zuwa suna, ba ta zuwa ta'aziyya sai da yamma, ba ta iya kwanciya ta huta da rana, in da tana suyar awara ko ƙosai ko yin kitso dole ta rage. Zaman gida da zaman raino ba ɗaya ba ne, duk uwar da ta taɓa wuni da ɗan wata takwas ita kaɗai ta san haka. Abin mamaki mu mata ne muka fi kowa sanin wahalar, kullum muna ƙorafi maza ba sa ganin aikin gida a matsayin aiki, sai ga shi mu ma mun juya muna yi wa 'yar'uwarmu irin abin da muke kuka da shi.

Wasu kuma su fake da "ɗa na kowa ne" da zumunci da maƙwabtaka. Ɗa na kowa ne in ya fito layi zai faɗa kwata, kowa ya gani ya ɗauke shi. Amma wuni guda, kwana biyar a sati, wata da watanni, wannan ya wuce maƙwabtaka. Kuma addininmu bai taɓa ɗaukar biyan mai raino a matsayin abin kunya ba. Manzon Allah (SAW) kansa a hannun Halimatus Sa'adiyya ya yi ƙuruciyarsa, kuma matan Banu Sa'ad da suke zuwa Makka ɗaukar jarirai sana'a suke yi, ana biyansu. A aya ta 233 ta Suratul Baƙara an yi maganar ba da ɗa shayarwa da sharaɗin a biya abin da aka yi alkawari bisa kyautatawa. Ban ga inda aka ce a yi ciniki har sai mai rainon ta ji kunya ta yi shiru ba.

"Amma a kiresh ana koya musu karatu"

Wane karatu ne ɗan wata bakwai zai yi? Gaskiya mu daina yaudarar kanmu da bango mai fenti da hoton tuffa da yunifom. Abin da jariri yake buƙata shi ne fuska ɗaya da ya saba da ita, wadda za ta ɗauke shi in ya yi kuka, ta yi masa magana, ta yi masa tawai da waƙa, ta san kukan yunwa daban da kukan barci.

Lokacin da babban ɗana yake kiresh, a cikin shekara guda masu kula da ajinsu uku aka canza. Ban ga laifinsu ba, 'yan mata ne da ake ba albashin da bai taka kara ya karya ba, kuɗin da muke biya mafi yawansa haya da janareto da ribar mai wuri yake tafiya, da zarar ɗaya ta samu wani aikin ko aure sai ta tafi. Duk canji sai yaron ya yi sati biyu yana kuka da safe yana maƙale min a hijabi. Ga mura da tari da gudawa da ba sa ƙarewa, don in yaro ɗaya ya kwaso sai ya zagaye ɗakin, abin da na kashe a kemis da asibiti a shekarar nan ban ma so in tuna.

A wurin Inna yara huɗu ne, biyu na goye biyu masu tafiya. Autana ya koyi cin tuwo da miyar kuka a can, ya koyi gaisuwa, yana magana da Hausa mai kyau irin ta manya. Ranar da aka riƙe ni a ofis har magariba na same shi an yi masa wanka yana barci a bayanta.

Ba wai kiresh ba shi da rana ba. Daga shekara 3 zuwa sama ni ma ina ganin yaro ya fi buƙatar sa'anninsa da fili da tsari, a kai shi nazire ya yi wasa ya saba da mutane. Kuma in ma'aikaciya ɗaya ba ta da lafiya a kiresh akwai wata, amma ranar da Inna ta kwanta zazzaɓi ko aka yi mata rasuwa a ƙauye, duk mu huɗun sai mun nemi inda za mu sa kanmu. Wannan rauni ne na gaske a rainon gida. Sai dai su ma kiresh ɗin da ke haɗe da makarantu suna tafiya hutun zango, ke kuma ofis ɗinki ba ya hutu, ga nas da ke dutin dare ko mai aikin banki da ba ta tashi sai bayan biyar, yawancinsu ba su da tsarin da zai ɗauke ta.

Maganar amana

Nan ne na fi jin masu kiresh suna da abin faɗa. Suna da rajista, wasu suna da kyamara, akwai wanda za ki kai wa ƙara. Mai raino ta gida kuwa ba wata hukuma da ta san da ita, ba wanda ya duba ko akwai rijiya a buɗe a tsakar gidan, ko ana ajiye kalanzir a robar lemo, ko su waye samarin da suke shige da fice a gidan. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, kuma duk uwar da ta ji tsoro tana da gaskiya.

Amma mu a Kano mun san takarda kaɗai ba ta tsare yaro. Ba mu manta da abin da ya faru a farkon 2022 ba, lokacin da aka gano mai makaranta ne da kansa ya sace ɗalibarsa 'yar shekara 5 ya kashe ta, har gwamnati ta soke lasisin makarantun kuɗi ta ce a sake tantancewa. Allah ya jiƙanta. Haka maganar ɗura wa yara maganin mura mai sa barci don a huta, ana jin ta a ɓangarorin biyu. Abin da yake tsare yaro shi ne ƙarancin yara a hannun mutum ɗaya, da uwar da take leƙowa ba tare da sanarwa ba, da mai rainon da ba ta cikin ƙunci da jin an raina ta.

A Ingila irin wannan rainon na gida sana'a ce mai rajista, hukumar Ofsted tana zuwa ta duba gidan, ana so mai rainon ta koyi taimakon gaggawa na yara, kuma a ƙa'ida ba ta wuce yara shida 'yan ƙasa da shekara 8, a cikinsu ƙananan da ba su shiga makaranta ba kada su wuce uku, jariri ɗan ƙasa da shekara guda kuma ɗaya. Ba ina cewa mu kwafo nasu ba ne, in aka ce sai an cike fom an biya kuɗi a sakatariya, irin su Inna za su daina ne kawai ko su ɓuya. Amma me zai hana asibitin sha-ka-tafi na unguwa ya tara masu raino sau ɗaya ko biyu a shekara, a nuna musu abin yi in yaro ya shaƙe da abinci, ko ya ƙone, ko yana jijjiga, da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari? Mai unguwa ya san gidajen da ake raino, ya san adadin yaran. Wannan ba ya buƙatar biliyoyi.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba don kunya: in mai rainon tana da goyo, a yi maganar shayarwa tun ranar farko. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ko sau ɗaya ta ba shi nono a cikin shekarun shayarwa ta zama uwarsa, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa. Tausayi zai iya sa ta yi in yana ta tsala kuka, gara kowa ya san matsayinsa.

Yarinyar da aka kawo daga ƙauye

In za mu faɗa wa juna gaskiya, abin da yake karya farashin mai raino ba kiresh ba ne, 'yar aiki ce. Da zarar Inna ta ce a ƙara sai ki ji an ce, "to ai da wannan kuɗin gara in sa a kawo min yarinya, ta yi raino ta yi wanke-wanke ta yi shara."

Na yi wannan kuskuren kuma har yau yana damuna. Yarinyar da aka kawo min ba ta wuce shekara 12 ba, wata mata ce take kawo su, ita take karɓar kuɗin ta cire nata ta aika wa iyayen sauran. Na bar mata jaririya 'yar wata biyar da gida guda da risho da tukunyar ruwan zafi na tafi ofis. Wata rana na dawo da wuri na same ta zaune a ƙasa tana kuka, jaririyar ma tana kuka, ta rasa yadda za ta yi da ita tun azahar. A nan na gane yaro na ba wa yaro. Ita ma raino take buƙata, ita ma makaranta ya kamata a ce tana. Na sa ta a Islamiyya da yamma, amma wannan bai wanke ni ba, don ni na ci ribar ƙuruciyarta domin in tsira da 'yan dubbai.

Akwai dokar kare haƙƙin yara ta ƙasa tun 2003, Kano ma ta sa hannu a tata a 2023, amma ki leƙa gidajen ma'aikata a Kano da Kaduna da Abuja ki ƙirga 'yan mata nawa ne ke goye da 'ya'yan wasu a lokacin da sa'anninsu suke aji. Duk wadda za ta kwatanta kuɗin dattijuwa mai hankali da kuɗin wannan yarinyar ta ce dattijuwar ta cika tsada, ta san dalilin da ya sa ɗayan yake da araha.

"To albashin nawa ne duka?"

Wannan ce hujjar da ba zan iya turewa ba. Malamar makarantar kuɗi da ake ba dubu 30 ko 40 a wata, in ta cire kuɗin mota ta cire dubu 15 na raino, me ya rage? Wataƙila ma matar cikin adaidaitar nan irinta ce, shi ya sa ban ga baƙinta gaba ɗaya ba. Ciwonta gaskiya ne, inda ta kai kukan ne ba daidai ba.

Na farko, ina uban yaron? A gidaje da yawa an mayar da kuɗin raino harajin da mace take biya don an bar ta ta yi aiki: "ke kika ce za ki yi aiki, ki san yadda za ki yi da shi." Alhali albashin nata a cefane da kuɗin makaranta da maganin yara yake ƙarewa. Ɗan nan sunan uban yake amsawa, ɗawainiyarsa a wuyansa take. Maigida, in kana cin moriyar aikin matarka to kuɗin raino naka ne, ko aƙalla a raba.

Na biyu, hutun haihuwa. Likitoci da Hukumar Lafiya ta Duniya suna cewa a ba jariri nono zalla wata 6. Dokar ƙwadago ta Najeriya kuma sati 12 ta ba mai jego, shi ma rabin albashi ta wajabta, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa in ta koma. Ma'aikatan tarayya an kai musu aƙalla wata huɗu. Legas ta ba ma'aikatanta wata 6 tun 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. Amma a wurare masu zaman kansu wata da kyar take gama arba'in ake fara kiran waya. Da kowace uwa tana samun wata 6, da watannin da raino ya fi wahala ya fi haɗari an yi su a gida. Kuma manyan ma'aikatu da asibitoci da jami'o'i, ɗaki ɗaya mai tsafta da mata biyu masu kula ba zai gagare su ba, uwa ta leƙo ta shayar ta koma. Can ya kamata mu kai faɗan, wurin masu hali, ba wurin bazawarar da take riƙe da marayu da kuɗin rainon ba.

Masu cewa ai mace ta zauna a gida an huta, su ne dai za su kai matansu asibiti su ce lallai sai likita mace ko ungozoma, su ne za su ce 'ya'yansu mata sai malama. Waɗannan matan su ma suna haihuwa, wani ne zai riƙe musu.

Yadda muka yi a layinmu

Mu huɗu da muke kai yara wurin Inna mun zauna da ita bayan ƙaramar salla, ɗanta babba yana wurin. Da farko cewa ta yi "haba 'yan nan, ko nawa kuka bayar Allah ya amfana," irin kawaicin nan nasu da muke fakewa da shi. Muka ce a'a Inna, a faɗa. Aka tsaya a dubu 20 kowane yaro, a biya kafin 5 ga wata, ba sai ta aiko jika ya tuna mana ba. Yara ba za su wuce huɗu ba, na goye kada su wuce biyu. Kowa ta kawo abinci da famfas da sabulun ɗanta. Wadda ta wuce ƙarfe biyar ta ɗora wani abu a kai. Watan da kika ɗauki hutu ko kika yi tafiya za ki biya rabi, tunda gurbinki aka riƙe miki ba a ba wata ba. Muka haɗa kuɗi aka yi wa rijiya murfin ƙarfe da kwaɗo, aka sa ƙyaure a ƙofar kicin, kuma ta ajiye lambar kowannenmu da ta mazajenmu a jikin bango.

Ɗaya daga cikinmu ta ce ba za ta iya dubu 20 ba, kuma mun san gaskiya ta faɗa, mijinta ba ya aiki tun bara. Inna da kanta ta ce ta kawo 12, tunda sauran sun cika. Abin da ya rage mana yanzu shi ne wadda za ta riƙe yaran ranar da Inna ba ta da lafiya, muna magana da wata ƙanwarta da ke bayan layi, ita ma mun ce sai an yanka mata nata na kowace rana kafin ta fara.